Shekarar da Aka Daɓe Lambun Baba

Shekarar da Baba ya tafi aikin Hajji, tafiyar ta faɗo a tsakiyar damina. Ni kaɗai na rage a gidanmu na Badarawa a Kaduna tare da Inna, wadda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar tun shekarar da ta gabata. Aurena bai daɗe da mutuwa ba, na kwaso kayana na dawo ɗakin da na bari ina amarya, sai jinyar Inna ta faɗo hannuna ba tare da kowa ya ce mini ga ta ba. Ban ƙi ba. Makarantar firamaren da nake koyarwa tana dogon hutu, kuma gara in wuni ina juya mahaifiyata a kan gado da in wuni ina amsa jajen mutuwar aure daga bakin matan unguwa.

Gidan nan Baba ya saye shi tun yana ƙaramin akawu a ma'aikatar gwamnati, lokacin duk ginin ƙasa ne. A hankali ya dinga rushewa yana mayar da bulo, ɗaki bayan ɗaki, har ya iso kan ɗakin Inna, nan ta ce sam. Ta ce ɗakin bulo da bazara gasa mutum yake yi, ita kuwa ba masara ba ce. Sai aka yi wa nata shafen siminti ciki da waje, aka bi shi da fenti. Baƙo ba zai taɓa gane cewa ƙasa ce a ciki ba, mu ma 'yan gida mun kusa mantawa.

Can ƙuryar tsakar gida, daura da ɗakin Inna, akwai abin da Baba yake kira lambunsa. Ba wani lambun a zo a gani ba ne: kurmin ayaba, zogale, rama, da wani lemun tsami da ya fi yawan ƙaya a kan 'ya'ya. Duk shekara, da zarar hadarin farko ya haɗo, Baba zai naɗe ƙafar wando ya ɗauki fartanya, ya bi wata 'yar hanya da ta taso daga ƙofar kicin ta ratsa tsakar gida ta shiga gindin ayaba, yana kwashe yashi da ganye. Mu kuwa mu zauna a baranda muna tsokanarsa, muna cewa ga injiniyan ruwa ya fito aiki. Ta wannan hanyar ruwan duk kwanon gidan yake bi. Ya taru a lambu, ayaba ta sha, ƙasa ta sha, ragowar ya fice ta wata kafa a gindin katanga ya faɗa kwatar lungu. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin abin ba, tunda ban taɓa ganin ruwa ya kwana a gidanmu ba.

A unguwarmu ba a barin alhaji ya dawo ya tarar da gida yadda ya bar shi. Mai ƙaramin ƙarfi ya shafa fenti ya sauya labule, mai hali ya sa tayil ko ya sake ƙofa, domin jama'a za su yi ta tururuwar zuwa yi masa barka da dawowa, kuma kowa da idonsa yake zuwa. Jirgin su Baba bai daɗe da tashi ba Yaya ya iso da nasa shirin. Yaya shi ne ɗan farin gidanmu, babban ma'aikaci ne, mutum mai kyauta da zuciya ɗaya, amma idan ya ƙulla abu a ransa, kunnensa ya tafi hutu ke nan. Ya tsaya a tsakar gida da makullin mota a hannu yana zana iska da shi. Za a sare lambun, a yi ciko, a daɓe tsakar gida gaba ɗaya da siminti, a kafa rumfar kwano inda ayabar take. Nan za a shimfiɗa darduma, Baba ya zauna yana karɓar baƙi, idan lokacin salla ya yi a tayar a wurin.

Na ce, "Yaya, ruwan fa? Ina zai bi?"

Ya ce, "Ke Auta, ana maganar gyara kina maganar ruwa. Ai bututu za a sa."

"To mu tambayi Baba mana idan ya kira. Shi ya san kan gidan nan."

Ya dube ni kamar na zagi wani. "Mutum yana gaban Ɗakin Allah ki kira shi kan maganar kwata? Kuma so nake ya shigo kawai ya gani. Kada in ji wani ya faɗa masa."

Bazawarar da ta dawo gida jiya-jiya, kuma auta, ba ita ake tambaya yadda za a yi da gida ba.

Ya je ƙofar ɗakin Inna ya tsuguna ya gaya mata. Inna irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ba ta haɗa ido da shi, idan ya zo gaisuwa bango take fuskanta ta amsa a taƙaice. Idan za ta yi maganarsa da ni, sai ta ce "yayanki". Ranar ma bangon ta duba, ta ce da harshenta da ciwo ya nauyaya, "Allah ya yi albarka." Ya tashi yana murmushi kamar an ba shi kujerar Makka shi ma.

Magina suka zo daga Rigasa. Kafin azahar ayabar da ta girme ni tana kwance a lungu awaki suna ci. Tifa ta juye jar ƙasa a ƙofar gida, aka dinga shigo da ita a baro ana dannewa, har kafar gindin katanga ta nutse ba a ƙara ganinta ba. Da aka zo zuba siminti, babban maginin ya tambayi Yaya ina za a karkata daɓen. Ina tsaye a ƙofar kicin ina jinsu. Yaya ya ce ba wajen zaure ba, kada baƙi su shigo suna tsallake ruwa. Maginin ya nuna kwatar bayi. Yaya ya girgiza kai, ya ce idan kwatar ta cika ta yi amai, najasa ce za ta dawo kan daɓen da za a yi salla a kai. Sai ya rage kusurwa ɗaya, wadda ke tsakanin katanga da bangon ɗakin Inna. Nan aka huda katanga aka cusa bututun roba wanda bai fi kaurin damtsena ba. Maganar najasar nan ni ma ta shige ni a lokacin.

Aikin ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Daɓen ya kwanta sumul, rumfa ta tsaya da ginshiƙanta masu koren fenti, gidan ya ƙara faɗi da haske. Matan maƙwabta suka dinga leƙowa suna sa albarka. An yi sa'a kwanakin aikin sama ta yi mana kara, sai yayyafi jefi-jefi.

Ruwan farko na gaske bayan aikin ya sauka ne wata ranar Laraba bayan la'asar. Na tsaya a baranda ina kallo. Kwanon ɗakuna yana zubowa, kwanon sabuwar rumfa yana zubowa, kuma babu ko tafin hannu na ƙasa da zai sha. Duk ruwan ya haɗu ya miƙe a guje zuwa kusurwar nan, ya tarar da bututu ya yi masa kaɗan, sai ya tsaya ya fara hawa bangon Inna. Da aka ɗauke na je na duba. Bakin bututun ya ɗara daɓen tsawo da kamar faɗin yatsu huɗu, don haka ko ya gama aikinsa, akwai ruwan da ba zai taɓa kaiwa gare shi ba. Wannan ruwan ya kwanta a gindin bango. Na sa tsintsiya na kore shi, ya dawo. Na kwashe da bokiti har bayana ya riƙe. Washegari da safe wurin ya bushe ƙarau, na ji daɗi, sai daga baya tambayar ta zo mini ina cikin wanke-wanke: ragowar da na bari, ina ya tafi? Na koma na tsuguna. Tsakanin sabon daɓe da tsohon shafen bango akwai wata siririyar tsaga da ba a liƙe ba, farce yana shiga.

Damina ta kankama. Kusan kullum da rana hadari zai taso daga gabas, ya yi baƙi ƙirin, iska ta kaɗa kwanon rumfa, ruwa ya tsuge. Ni kuma in ɗaura tsohon zani in fita da bokiti. Na cusa tsumma a tsagar, na liƙa leda, na jera bulo don in kare kusurwar, ruwa ya zagaye bulon ya wuce abinsa. Daga cikin ɗaki fentin ƙasan bango ya fara canza launi, ya yi duhu, duhun yana hawa sama a hankali. Ɗakin ya ɗauki warin rijiya. Wata safiya na tarar da tururuwa sun yi layi daga bayan gadon Inna zuwa ƙofa, kowace da farin ƙwai a baki, suna ƙaura. Na ƙwanƙwasa bangon da bayan cokali. Daga sama ya amsa da ƙarfi, daga ƙasa ya yi wani sauti na fanko, kamar ana buga ƙwarya. Gadon Inna a jikin wannan bangon yake, kanta a kusurwar.

Na kira Yaya. Ya turo wani da dogon ƙarfe ya zungure bututun, ya ciro leda da ganye, ya ce an gama. Na sake kira. Ya ce danshi ne kawai, kowane gida a Kaduna yana danshi da damina, idan Baba ya dawo baƙi suka ragu sai a duba. Na ce a fasa daɓen a buɗe tsohuwar kafa. Ya yi wata dariya da ba ta dariya ba. "A fasa? Ana saura kwanaki mutum ya sauka? Auta, zaman gida ne ya fara taɓa ki. Ki samu abin yi." Na kashe wayar cikin haushi da tsoro.

Baba yana kira kusan kullum bayan azahar, muryarsa cike da farin ciki, ana jin hayaniyar mutane a bayansa. Ya tambayi jikin Inna, ya tambayi unguwa, ya tambayi ruwa, in amsa masa da amsar da kowa yake bayarwa, ruwa ya yi gyara. Wata rana ya ce, "Kina dai share mini hanyar nan ko? Kada ki bari yashi ya toshe ta." Maganar ta zo mini har leɓe. Na dubi Inna, na ga ta kafe ni da idonta mai lafiya, tana girgiza kai a hankali. Na ce, "Ana sharewa, Baba." Bayan ya kashe na shiga bayi na yi kuka, don mutum ɗaya ne a duniya ya san yadda ruwan gidan nan yake tafiya, kuma shi ne aka hana ni tambaya.

Abin da ya rage shi ne Inna ta bar ɗakin. Na zaɓi lokacin da na gama yi mata wanka ina shafa mata mai, lokacin da ta fi sakin jiki. Na ce, "Inna, mu koma falon Baba mana kafin damina ta wuce. Ɗakin nan ya yi sanyi, ba ya yi wa ƙafarki kyau."

Ta ce, "Nan ya ishe ni."

"Inna, bangon nan ya sha ruwa."

"Ya sha na shekarun da suka fi naki."

"Da ba haka yake sha ba. Tun da aka yi daɓen nan..."

Ta katse ni. "Ki rufe mini ƙafa."

Na sake gwadawa washegari, da jibi, ta lallami da ta faɗa. Na ce likita ya hana danshi. Na ce zan feshe ɗakin da maganin sauro. Ko gezau. Inna mace ce mai jiki, ciwon bai rage ta ba, ko juya ta a kan gado sai na yi bismilla na tattaro ƙarfi. Na dinga auna ta da ido ina auna nisan ƙofa, ina tambayar kaina ko zan iya idan ta kama. Ita kanta ƙofar ta fara gardama. Da can yatsa ɗaya yake tura ta, yanzu sai na sa kafaɗa, ƙasanta yana gurzar siminti yana barin zane. Na daina rufe ta, na jingina mata turmi.

Muna da maƙwabciya, matar wani direban tifa, mutanen Zamfara ne, takan shigo ta taya ni ɗaga Inna idan zan canza zanin gado. Na ja ta kusurwar na nuna mata. Ta danna bangon da babban yatsa, ta duba yatsan, ta goge a zaninta. Ta rage murya ta ce, "Ke ɗiyata, ki hidda tsohuwag ga. Mu can gida mun san shi. Ginin ƙasa bai hwaɗuwa ana ruwa, sai an ɗauke, rana ta hito, kowa ya saki jiki, sannan shi zamna."

Wannan magana ta raba ni da ɗan sauran kwanciyar hankalin da nake da shi. Da can hadari kaɗai nake tsoro, idan gari ya washe in numfasa. Yanzu hasken rana ma ya zama abin tsoro. Na daina zuwa kasuwa, sai aike. Ina girki kunnena yana ɗakin. Murfin tukunya ya faɗi, in zabura in sheƙa da gudu. Salla ma a bakin ƙofarta nake yi, kuma Allah ya yafe mini, sau da yawa ban san raka'ar da nake ciki ba. Na rame, wuyana ya fito, maƙwabta suka ɗauka tunanin tsohon mijina nake yi.

Ana cikin makon da ake sa ran jirgin su Baba, aka tashi da ruwa tun asuba. Ba mai iska ba, irin mai naci ɗin nan da yake sauka tsaye ba ya gaggawa. Na kwashe har na gaji na bari, don bokitina bai rage komai ba. Ruwa ya cika kusurwar ya bazu har ƙarƙashin rumfa, dardumar da Yaya ya aiko a naɗe ta jiƙe. Sai bayan azahar ya tsagaita, ya koma yayyafi, ya ɗauke. Rana ta fito tas, tsuntsaye suka fara kuka a kan waya, yara suka fito lungu suna ihu.

Na shiga ɗakin da kwanon kunu. Ina zama a bakin gado na ji wani sauti a bayan kabad ɗin kwanukanta, ba mai ƙarfi ba, kamar an saki jiƙaƙƙen zani a ƙasa. Kwanukan suka yi 'yar ƙara suka yi shiru. Na leƙa. Wani ɓangaren shafen siminti mai faɗin faranti ya ɓalle ya faɗo, abin da ke bayansa kuwa ja ne, jiƙe sharkaf, yana ƙyalli. Na sa yatsa, ya shige har gaɓa ta biyu ba tare da na danna ba. Daga ramin wata tsaga ta miƙe sama ta bi ta saman kan Inna har silin, kuma da safe babu ita.

Na ajiye kunun. Na ce, "Inna, za mu fita."

Ta ce, "Ba inda za ni."

Na yaye bargon, na jawo ƙafafunta zuwa bakin gado, na tayar da ita zaune. Ta gane abin da nake shirin yi. Ta sa hannunta mai lafiya ta riƙe ƙarfen gado, na ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, ina kuka ina ba ta haƙuri. Ta kai mini duka a kafaɗa, a wuya, a kunne. Na juya mata baya na tsuguna, na jawo ta ta faɗo kaina, na zagaya zani na ɗaure a ƙirji kamar yadda ake goyon yaro. Bakinta yana daidai kunnena ta ce, "Idan kika fitar da ni daga ɗakin nan..." Ba ta ƙarasa ba. Na san abin da ake ƙarasa irin wannan magana da shi, kuma babu abin da na fi tsoro a duniya irin bakin uwa. Na tsaya a tsugune, ga bango a gefena, ga bakinta a kunnena. Wani ɗan yashi ya zubo daga tsagar ya sauka a kan matashin da kanta ya bari. Na ce, "Ki yafe mini, Inna," na yunƙura.

Ban san yadda na miƙe ba. Ƙafarta marar lafiya tana jan ƙasa, ta maƙale a jikin turmin da ke bakin ƙofa, na ja da ƙarfi muka fito. Ruwan tsakar gida ya kai idon sawu, daɓen kuwa santsi, gansakuka ta fara kama shi. A tsakiya ƙafata ta zame, na zube a kan gwiwoyi, zafin ya harba har ƙwaƙwalwata, amma ban sake ta ba. Da rarrafe na ƙarasa, hannu ɗaya a ruwa, ɗaya yana tallafe da ita, har barandar Baba. Na kwantar da ita a kan doguwar kujerar falo, na canza mata kaya, na lulluɓe ta. Sai a lokacin na ga jini yana bin ƙwaurina.

Bango kuwa bai faɗi ba. Na zauna a baranda ina kallonsa har magariba, yana tsaye da fentinsa kamar ba abin da ya faru. Inna ta juya fuska ga jikin kujera. Na kawo kunu ta ƙi, na kawo magani ta rufe baki, na yi magana ba ta amsa ba. Da Baba ya kira na ce tana barci. Na fara tambayar kaina ko Yaya ne mai gaskiya, ko zaman gida ne ya taɓa ni, na ja mahaifiyata a cikin ruwa kamar buhu, na jawo wa kaina fushinta a banza.

Washegari da hantsi Yaya ya zo, maƙwabciyarmu ce ta sa mijinta ya kira shi. Gari garau, ko gajimare babu. Ya leƙa falo ya gaida Inna, ya fito ya same ni a ƙarƙashin rumfa ina matse darduma. Ransa a ɓace yake. Ya ce wane irin hauka ne wannan, mace marar lafiya a ɗauke ta a cikin ruwa, da ta faɗi ta karye fa? Ya ce falon nan baƙi za a sauka a ciki. Ya ce in je in share ɗakin in gyara gado, shi da direbansa za su mayar da ita yanzu, gobe a turo mai shafe ya toshe inda ya ɓalle. Na ci gaba da matse darduma, tana ɗiga a ƙafata.

Yana cikin magana kwanon ɗakin Inna ya yi wata ƙara mai tsawo, kamar ana jan ƙusa daga katako. Muka juya tare. Bangon ya kumbura daga ƙasa, shafen ya tsattsage ya zubo, sai gaba ɗayansa ya sulale ya zauna, rabi a tsakar gida, rabi a cikin ɗaki. Ko ƙura bai tayar ba saboda jiƙa. Kwano ya sunkuyo ya rataya a kan katako ɗaya. Kwanukan kabad suka dinga gangarowa suna ƙara a kan daɓe, wani murfi ya yi ta juyawa kafin ya kwanta. Daga inda nake ina hango ƙarshen gadon, wajen ƙafa. Wajen kai ba a ganinsa, jar laka ta rufe shi har sama da ƙarfen.

Makullin mota ya faɗi daga hannun Yaya cikin ruwa. Bai ɗauka ba. Ya taka a hankali zuwa ƙofar falo ya tsuguna kamar yadda ya saba tsugunawa idan ya zo gaisuwa, ya sa kai a gwiwa. Na wuce ta gefensa na shiga na durƙusa a gaban kujera.

Na ce, "Inna, ɗakin ya faɗi."

Ta ce, "Na ji." Ita ce maganar farko da ta yi mini tun jiya. Fuskarta tana jikin kujera, ba ta juyo ba.

"Daidai kan gadonki, Inna. Daidai inda kanki yake."

"Na sani. Ni nake kwana a jikinsa. Tun ruwan farko nake jin ƙasa tana zuba a ciki."

Na ce, "Kin sani? Kin sani kika ƙi fita? Inna, don Allah me ya sa?"

Daga bakin ƙofa ina jin numfashin Yaya yana sarƙewa. Da ta yi magana, a hankali ta yi ta, tana jan kowace kalma da harshen nan mai nauyi, kuma da ni take, ba da shi ba.

"Yayanki ya yi wa ubansa abin arziki. In tashi in bar ɗakina, a ce me ya kore ni?" Ta numfasa. "Idan babanku ya sauka, ki ce masa ɗakin ne ya tsufa."